Lungun Ayu

"Kwashe kwalabenka ka fita mini daga gida! Gishiri nake dafawa, ba giya ba!"

"Mama Dosi, ki saurare ni..."

"Mamarka tana can gidanku!"

Senami, 'yar Mama Dosi, na zaune a bakin murhu, hannunta cikin toka. Tokar sanyi ƙalau, kwana arba'in rabonta da wuta. Tana jin hayaniyar kamar daga ƙetaren kogi ake yi.

Komlan ne tsaye da kwalaben giyar sodabi biyu na neman auren Senami. Shi ke tuƙa baƙi a kwalekwale cikin kurmin ruwa su kalli tsuntsaye. Shi ne kuma ya kai wa dattawa rahoto, aka ɗaura ciyawar Zangbeto, dodon tsaron gari, a bakin lungun da Mama Dosi ta shekara ashirin tana sarar itacen dafa gishiri a ɓoye. Inda ciyawar nan ta sauka kuwa, ko mahaukaci ba ya ɗaga adda.

"Je ka ce su kwance, ka dawo ka ɗauki matarka," in ji Mama Dosi. "Ni abin da ya hana ni barci ma, wane munafukin ne ya nuna maka lungun? Ko mijina har ya mutu bai san shi ba!"

Komlan ya sunkuyar da kai.

Senami ba ta ɗago ba. Ranar ce ta dawo mata.

Ya taɓa ce mata shekararsa tara a ruwa bai taɓa ganin ayu ba, baƙi har tsiya suke masa. Ita kuwa, soyayya ta kwance mata kai, ta kira shi da sunan da take kiransa, ta ce, "Fofo, ba ni filafilin."

Ta ratsa da shi ƙarƙashin saiwoyi, suna duƙawa. Ƙaguwa jajaye na rugawa ramukansu, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran hukunci, birai na jefo musu ɓawo. Can ruwa ya kumbura, hanci ya ɓullo, ya yi huci... sai wani ƙarami a gefensa.

Uwa da ɗanta.

"Senami... zuciyata..." in ji Komlan.

Ita fuskarsa take kallo. Ba ta lura idonsa ya bar ayun ya koma kan kututturan da aka sare ba.

"Tanti, wai da gaske ba ki sani ba?"

Huwefa ce, 'yar ƙanwar Mama Dosi, ta leƙo wai aron rariya. Rariya! Yarinyar da tun bara take wanka sau uku in kwalekwalen Komlan zai wuce.

"Ai da ɗan gari kan ci gari. Ina cirar kawa, dodon-koɗin nan na jikin saiwa, na ga wata tana tuƙa shi har ciki, tana ta fari da ido."



Mama Dosi ta juyo a hankali. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Ke?"

"Ni ce, Mama."

"Tukunyar da ta yaye ki?"

Senami ta nemi hawaye, babu. Ta nemi kunya, ita ma babu. Sai ta dubi Komlan.

"Fofo, tambaya ɗaya. Da ka san abin zai raba mu, za ka kai rahoton?"

"Masoyiyata, ɗan ayun nan a saiwoyin yake fakewa. In aka ƙarar da..."

"Ban tambaye ka ayu ba."

Wayyo, 'yan mata! Ƙarya ɗaya tak ake nema a wajen nan, ƙarama, irin wadda kowane namiji ke yawo da ita a aljihu. Da ya yi ta, da yanzu ana zancen ranar biki.

"Zan kai," ya ce.

"To." Ta kakkaɓe tokar hannunta. "Ayunka ya tsira. Ɗauki kwalabenka."

"Senami, dube ni mana! Ki zage ni, ki yi kuka, ki yi wani abu!"

Ta dube shi, irin kallon da take yi wa ruwa in ya janye ya bar laka.

Ya jira. Huwefa ta matso za ta riƙa masa kwalba, ya fizge abarsa ko kallonta bai yi ba.

Ya fita, ya buga ƙofar langalanga, garam! Har tsohon gishirin da ya daskare a jikin rufi ya zubo a kan Senami.

Ba ta kakkaɓe ba.