Alƙalin Kokawa da Fuskar Tsoho

A wani zamani, a wani gari, an yi wani alƙalin kokawa mai son yabo. Al'adar garin kuwa, duk bayan kaka tsofaffin 'yan kokawa kan zauna a bakin fili su duba aikin alƙali. In ya yi daidai su bar shi, in ya kasa su sauke shi.

Ranar dubawa ta zo. Aka buga ganga, 'yan kokawa biyu suka kama juna. Alƙali ya saci kallon tsofaffi, sai ya ga babbansu ya ɓata fuska. Alƙali ya zaci da shi ake. Ya gyara tsayuwa, ya sake kallo, tsoho ya ƙara ɓata fuska. Ya daka wa makaɗa tsawa, ya sake kallo, tsoho har da cizon leɓe. Sai ya juya wa 'yan kokawa baya gaba ɗaya, yana ta yi wa tsoho murmushi.

Bai ankara ba sai ji ya yi tim, ga shi a ƙasa! 'Yan kokawa sun faɗo masa, fili ya kaure da ihu.

Tsoho ya ce, "Alƙali, wa ya yi kaye?"

Alƙali ya tofar da ƙasa, ya ce, "Baba, ban gani ba. Fuskarka nake kallo, na ga ranka a ɓace."

Tsoho ya ce, "Ni? Cinnaka ne ya shige mini wando, ɗana. Tunda yau ka gama alƙalanci, zo ka taya ni nemansa."