Manhajar Moruf

Tun rasuwar Moruf, oga bai daina cewa, "Da Moruf ne, da tuni an gama" ba. Maganar nan tana ci wa Uzairu rai. Shi ya sa da aka ce a cire tsohuwar manhajar ajiye takardu da Moruf ya girka a manyan kwamfutocin ofis, ya ce shi zai yi, shi kaɗai, bayan kowa ya tashi.

Sanyin Jos ya haɗu da na ɗakin injina. Uzairu ya goge manhajar, ta dawo. Ya sake gogewa, ta tsiro a wata kwamfutar kamar ciyawar damina.

Can sai warin man zafi, irin wanda Moruf ke shafawa, ya cika ɗakin. Kujerar bayansa ta yi ƙara a hankali.

"Haba Malam Uzairu," in ji wata murya mai karin Yarbanci, "reshe kake sara, ka bar saiwa. Matsa ka gani."

Linzamin kwamfuta ya zame daga hannunsa, ya hau motsi da kansa har aikin ya ƙare tsaf. Uzairu ya dubi ƙasa. Ga shuɗin silifas ɗin alwalar Moruf, a jiƙe, babu ƙafa a ciki.

Muryar ta ce, "Gobe ka ce wa oga kai ka yi. Ba zan faɗa ba."