Motar da Ba a Jin Zuwanta

Ranar da suka fara haɗuwa, saura ƙiris ya take ta.

Idanunta sun soma dushewa tun tana sakandare, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa, don haka da kunne take tsallaka titi. Ta tsaya a bakin garejin mahaifinta, ta saurara, ba ta ji komai ba, ta jefa ƙafa. Sai ƙarar birki daf da gwiwarta.

"Innalillahi! Baiwar Allah, ba ki gan ni ba?" in ji wata murya mai rawa.

"Ban ji ka ba dai. Wace irin mota ce wannan mai sanɗa kamar kyanwa?"

Saurayin ya fito yana ta ba da haƙuri. Ƙaramar a-kori-kura ce sabuwa dal, mai haɗa fetur da batir, in tana tafiya a hankali sai injin ya yi tsit. Tukwanen furanni yake kai wa mutane da ita, ya kawo ta ne saboda wata fitila da ke kunna kanta a gaban sitiyari. Baba ya buɗe bonet, ya leƙa, ya rufe. "Mayar musu inda ka saya, ban san cikin wannan ba."

Kamfanin ya gyara fitilar a yini guda, motar ba ta sake ko tari ba. Amma mai furanni bai fasa zuwa garejin ba, kullum da ciwon da zai ƙaga wa motar. Ita kuwa ta raɗa masa suna Mai Sanɗa. Wayarta ce ke karanta mata saƙonninsa, takan maimaita su har ta haddace.

"Gimbiyata, yau na kai kaya bayan gari na dawo, man ko motsi bai yi ba. Motar nan ba ta da aibu sai ɗaya: kujerar gefena babu ke."

Ta amsa: "Mai Sanɗa, ka yi tunani da kyau. Ni ba zan taɓa ganin fuskarka ba."

"Ba ki yi asarar komai ba, hancina kamar tukunyar fure yake."

Ta yi dariya har da ƙwalla. Rabon da ta yi irinta ta manta.

Da zancen ya kai kunnen Baba, ya daka tsalle ya ce ba da shi ba. "Yaron da ya kusa kashe ki? Ɗoki ne ke ɗibarsa, na sabuwar mota da na sabuwar yarinya. Ran da ɗokin ya ƙare, wa zai riƙe miki hannu?" Shi ɗan gwaggonta yake so, direban tifa, wanda ke ta faɗa wa dangi cewa zai taimaka ya aure ta. Kalmar nan ta taimako ta fi makanta yi mata ciwo.

Baba ya kira mai furanni, ya sa shi ya yi alkawari: ba waya, ba saƙo, ba sallama. Wayarta ta mutu murus.

Kullum da la'asar sai ta zauna a benci a ƙofar gida, ta kasa kunne. Ta san motar kowa a layin, ta san mai tsohon salansa, ta san mai kukan bel. Tasa ce kawai ba ta ji. Ta rame, ta daina tsokanar ƙannenta, abinci sai Mama ta tsare ta. A ranta ta gama yarda Baba ya yi gaskiya, ɗoki ne, kuma ya ƙare. Wa zai ɗauki makauniya alhali duniya cike take da masu ido? Ranar da ta ce wa Mama ta amince da ɗan gwaggo, ko kuka ba ta iya yi ba.

Washegari mai tifa ya zo zance, ya zauna a gefen bencin yana hura hanci. Can ya ja tsaki.

"Wai shi wancan mai furannin ba shi da aikin yi ne? Kullum na wuto sai na gan shi a fake a tsallaken titi, ya zuba wa ƙofar nan ido kamar maye."

Ta juyo wajensa. "Kullum?"

"Ga shi can ma yanzu."

Ashe duk yammacin da ta yi tana jiransa, yana gabanta. Ta miƙe, ba sanda, ba takalmi, ta faɗa titi tana kiran, "Mai Sanɗa!" Motoci suka dinga cin birki, mutane na salati. Mai furanni da Baba suka iso gare ta a tare, kowa ya kama hannu ɗaya.

"Na yi wa Baba alkawarin ba zan yi magana ba," in ji saurayin cikin kuka. "Ban yi alkawarin daina zuwa ba."

Baba ya dube shi. Sannan a hankali ya saki hannun da ya riƙe.

Ranar ɗaurin aure aka nemi uban amarya aka rasa. Can aka same shi kwance a ƙarƙashin motar ango, da babbar rigarsa, yana ɗaura guntuwar sarƙa a jikin ƙarfe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cire wa motoci ƙara, yau shi ne ke saka wa wata.

Ya fito yana karkaɗe ƙura. "Ja mu ji."

Ango ya ja a hankali. Kacau, kacau, kacau. Daga cikin ɗaki amarya ta ɗago kai a ƙarƙashin mayafi, ta ce wa Mama, "Ga shi nan."

Baba ya dafa kafaɗar surukinsa. "Kada ka sake zuwar mata ba ta ji ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."