Allurar Zafi Ta Tsaya a Tsakiya

Ranar da matar marigayi ta tashi kai 'yarta wankin ƙoda, motar da mijinta ya bari ta yi tari sau biyu ta mutu. Bakaniken gidan ya ɗaga bonet, ya leƙa injin.

"Hajiya, wannan ba injin maigida ba ne."

An sauya shi da wani gajiyayye tun ana zaman makoki, an kuma goge lambarsa da giranda. Sufeton 'yan sanda ya zo bincike, ya tarar da yarinyar kwance a tabarma, ƙafafunta sun kumbura suntum. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya fara da maigadi.

"Wa ya fita da motar?"

"Bakanike ya kai ta wanki, Yallaɓai. Baffan yara ma ya ɗauko baƙi da ita."

Tsohon ko sifana bai iya riƙewa ba, balle ya sauke inji. Sufeto ya sallame shi, ya sa bakanike ya kwance bakin tiyon lagireto. Gurbin tamostat wayam, tsatsa ta cinye shi.

"Kai ka cire?"

"Ni na sa wa marigayi sabo da hannuna, na shafe shi da jan gam. Tamostat ɗin ne ke tare ruwa har inji ya ɗumama, allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Maigida bai yarda a taɓa shi ba."

Baffan yara, ƙanin marigayi, ya karɓi Sufeto da fara'a mai yawa, har ya ce sai ya rage masa hanya. Motarsa irin ta yayansa ce sak.

"Kana sa tamostat?" in ji Sufeto.

"A wannan zafin? Ai duk motar da na saya, shi nake fara cirewa in yar."

Ba su yi nisa ba Baffa ya fara satar kallon allura, yana share gumi. Can ya gangara gefen titi ya ɗauko jarkar ruwa.

"Kwanan nan zafi take yi, Yallaɓai. Dubi, har tsakiya."

"Ba zafi ba ne. Lafiyayyen inji a nan yake tsayawa. Kai ka saba da allura a kwance saboda kana cire tamostat. To wa ya sa wa motarka?"

Da aka kwance tiyon motar Baffa a ofishin 'yan sanda, sai ga sabon tamostat, ga jan gam a kewaye. Kafin la'asar Baffa ya faɗi garejin da aka yi masa aikin sauya injin.

Da Sufeto ya kai wa matar labari, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Shekaranjiya na roƙe shi ya kai ta asibiti," ta ce a hankali. "Ya ce in yi haƙuri, motarsa tana zafi."