Zarto a Wuyan 'Yar Ɗa'ifa

"Kowa ya kwanta! Yalla, ƙasa!"

Kowan nan da Nawaf ke daka wa tsawa mutum ɗaya ne tak. Ammi Abdulmohsen, wato Baffa, dattijo mai tumbi, yana zaune da kofin shayi a istiraharsa, gidan hutun nan nasa na bayan gari inda yake tara bindigogi. Rana tsaka ce, lokacin da duk mai hankali a Jidda yake ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana barci.

Su uku suka faɗo masa, fuskoki naɗe da shimag, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka. Nawaf a gaba da bindiga. Yazan a bayansa da wuƙar yankan tsire. Na ukun ya manne da bango. Wannan shi ne Othman, ɗan ƙanena, kuma saboda shi nake ɓata bakina.

Dattijo bai kwanta ba. Ya ajiye kofi, ya gyara tabarau, ya ƙura wa bindigar Nawaf ido.

"Ya waladi, wannan ai ta iska ce."

"Za ta fasa maka ido dai."

"Za ta fasa. Amma tsohon yayi ce, an daina kawo irinta. Sayarwa za ka yi?"

"Ammi, fashi muka zo."

"Na gani. Ina nufin in kun gama."

Nawaf ya shuri akwatin ƙarfen da ke kusurwa, inda ƙananan bindigogin zamani suke. "Makulli."

"Yana wurin Ummu Afnan, matata. Tun ranar da na huda mata tankin ruwa ta ƙwace. Tana gida a Aziziyya. In kuna da zuciya ku je ku karɓo, ni ma ku ɗan ara mini."

Suka daki akwati, suka girgiza shi, Yazan ya sa wuƙa, wuƙa ta karye. Sai Nawaf ya juya kan bango, inda dogayen bindigogin mutanen da suke rataye a jere, ya ce:

"Ku kwashe waɗannan. Halas, shi ke nan, da hanau gara mannau."

Yazan ya ɗaure dattijo da igiyar labule, ya rungumo bindigogi kamar itacen girki, ya haɗa da gwangwanin albarushi. Othman guda ɗaya ya nufa. Ya yi bismilla a hankali, ya sauke ta da hannu biyu, ya naɗe ta a ƙyalle kamar jaririya.

Suka faɗa mota, taya ta yi ƙara, suka bar ƙofa a buɗe.

To, bari in koma baya kaɗan.

Kowa da ciwonsa. Wani ƙwallo, wani tattabaru. Othman ciwon bindiga ne da shi tun yana ƙarami. A nan unguwar Nuzla aka haife shi, motar kai ruwa yake tuƙawa, yana da mata, Rahma, mai haƙuri kamar ƙasa. Irinsa baƙo mai zaman iƙama, takardar riƙe babbar bindiga ta fi ƙarfinsa, sai ta iska. Ya sayi wannan, ya musanya da waccan, ya sayar ya ƙaro. Duk Alhamis yana istirahar Abdulmohsen, inda masu irin wannan ciwo suke haɗuwa. A yi ciniki, a yi musu, a jera gwangwanaye a harbe su, a tafa. Manyan mutane da gemu, suna murna sun kashe gwangwanin wake.

A can ya gan ta. Magma ake ce wa irinta, ta baki ake ɗura mata albarushi. Doguwa, siririya, wuyanta duk azurfa. Daga duwatsun Ɗa'ifa aka kawo ta, shi ya sa yake kiranta 'Yar Ɗa'ifa. Shekara da shekaru yana tayawa, dattijo yana cewa, "Ka nemi 'yata Afnan ma ya fi maka sauƙi."

Shi kuwa Nawaf mai tsire ne a bakin layinmu, wanda ya ga gashin nama ba ya kai mutum ko'ina da sauri. Ni nake daka masa yaji. A bayan turmina suka ƙulla abin, wai ƙarar taɓarya za ta rufe maganarsu. Ba su san hannu ne ke daka ba, kunne zaman banza yake.

"Ka san wurin, ka san lokacin da yake shi kaɗai," in ji Nawaf. "Ni ƙananan nake so, akwai wani shagon zinariya da nake yi wa kallo. Kai ka ɗauki doguwarka."

"Ba wanda zai taɓa ta?"

"Me zan yi da ita, ya sheikh? Shanya?"

Yazan kuwa an ɗauko shi ne don shi kaɗai a cikinsu ya saba da ƙarar albarushi. Ɗan ta'ashir ne, rawar nan ta mutanen dutse da ake yi a biki. A ɗura wa magma albarushi zalla, ba harsashi, mutum ya ɗan durƙusa, ya yi tsalle sama, ya juya bakinta ƙasa ƙarƙashin ƙafafunsa ya harba, wuta da hayaƙi su tashi, mata su yi guɗa. Tun yana yaro yake yi. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa harbin komai ba sai ƙasa.

Da suka watse na ce, "Othman, zo nan. Kura ba ta kai ɗan akuya yawon shan iska."

"Gwaggo, hira ce kawai."

"To. Allah ya sa."

Ku ga inda hira ta kai su.

Dattijo dai ya warware igiyar labule da kansa, ya kira shurɗa, wato 'yan sanda. Babbansu ya zo, wani siriri mai gashin baki, ya zauna.

"Ammi, kwatanta mini."

"Ta farko hancinta ya ɗan karkace, amma ba ta ƙin tashi. Ta biyu gindinta icen goro ne..."

"Mutanen nake nufi."

"Mutanen? Mutane ne dai."

"Dogaye? Gajeru?"

"Biyu jakai ne, sun haɗa mini su suna gwaruwa. Na ukun ɗan halas ne. Sai da ya yi bismilla, ya naɗe ta."

Mai gashin baki ya ɗago kai. "Wannan cikin 'yan Alhamis ɗinka yake. Su wa ke zuwa?"

"Rabin Jidda."

Mai gashin baki ya dafe goshi, ya nemi shayi.

A lokacin su Nawaf suna unguwar Mahjar, cikin wani tsohon sito da aka daina ajiye kaya. Zafi kamar tanderu. An zube bindigogi a ƙasa. Othman yana gefe da tasa a cinya, yana shafa azurfar da gefen shimag, yana murmushi shi kaɗai.

Nawaf yana kai-kawo, yana zage-zage. "Sanduna. Na sa wuyana a igiya saboda sanduna. Wa zai shiga shagon zinariya da abin da ya fi shi tsawo?"

"A biki ana shiga," in ji Yazan.

"Rufe mini baki."

Ya leƙa nan, ya leƙa can, sai ga shi da zarto. "Halas. Za mu rage musu tsawo, kowacce ta shige ƙarƙashin riga. Yazan, ɗura wa ɗaya, ka zuba mata ƙusoshin nan, ko wani zai leƙo. Othman, miƙo wannan. Da ita zan fara, a ɓanɓare azurfar a sayar."

Murmushin Othman ya ɗauke. "Ka ce ba wanda zai taɓa ta."

"Na ce, lokacin da nake zaton za ka kai ni ga ƙananan. Ka kai ni?"

"Ga sauran nan, ka yanka su duka."

"Su ba su da azurfa. Miƙo."

"Nawaf, ka san shekarunta? Kakan kakanka bai..."

Nawaf ya fizge ta. Ƙato ne, ya yi biyun Othman. Ya ɗora ta kan akwati, ya take ta da gwiwa, ya aza zarto a wuyanta.

Othman ya ce daga baya, a nan ne ya ji kamar a maƙogwaronsa aka aza.

"Tsaya," ya ce. "Wannan zarton katako ne, ya ghabi. Haƙoransa za ka zubar, mu tashi ba zarto ba aiki. Bari in sayo na ƙarfe, ga shago nan bayan kubri, gadar can."

Nawaf ya duba zarto, ya duba shi. "Yalla, da sauri. Ita ta zauna nan."

Othman ya fita. Bai je shago ba. Ya tsaya a inuwar wata babbar mota, ya ciro jawwal, ya buga wa dattijo waya.

A istiraha wayar dattijo ta yi ƙara, mai gashin baki yana gefensa.

"Ammi, Othman ne."

"Ahlan, ɗana. Ka ji abin da ya same ni?"

"Ni ne na ukun."

Dattijo ya gyara tabarau. Sannan ya ce, "Tana lafiya?"

"Za su yanka ta, Ammi. Da zarto."

Wallahi an ce ko da aka ɗaure shi bai yi ihu ba, sai a nan. Mai gashin baki ya karɓe wayar, Othman ya kwatanta masa sito, layi da ƙofa.

Yanzu ku dubi wauta. Ga titi a buɗe, ga ƙafafu Allah ya ba shi. Wani da tuni ya kai Makka. Shi sai ya tuna ya bar ta ita kaɗai da Nawaf. Ya koma.

"Ina zarton?"

"Sun rufe, sun tafi salla."

"To da wannan zan yi."

"Ka jira su buɗe mana."

"Na gaji da jira."

Zarto ya hau wuya. Othman ya yi kukan kura ya faɗa kai, ya rungume ta, suka zube. Nawaf yana jan ƙafarsa, yana dukan bayansa, shi ya ƙi saki.

Sai jiniya, daga nesa, daga kusa, daga ko'ina.

"Shurɗa!" in ji Yazan.

Nawaf ya saki ƙafa, ya dubi Othman, ya gane. "Kai ne, ya kalb!" Ba lokacin rama. "Yazan, tare ƙofa, ka harba!" Shi kuma ya nufi katangar baya, da zarto a hannu, don tsoro ya mantar da shi ya yar.

Yazan ya fito bakin ƙofa da magma cike da ƙusoshi. Motoci sun yi da'ira. Mutanen unguwa sun taru a baya, har da mata a tagogi. Fili ne sosai, an zagaye shi, kowa shi yake kallo. Zuciya na duka kamar ganga.

"Ajiye makami!"

Kansa ya ce masa ya miƙe ta gaba. Jikinsa kuwa abin da ya sani ya sani. Ya ɗan durƙusa – ya tashi sama – ya juya bakinta ƙasa –

Daram!

Hayaƙi ya turnuƙe. Wata tsohuwa a taga ta rangaɗa guɗa kafin ta tuna ba biki ba ne. Da hayaƙi ya washe, ga Yazan zaune a ƙasa, riƙe da ƙafa, yana kiran uwarsa. Mai gashin baki da bakinsa ya ce tsalle dai ya yi kyau.

Nawaf a kan katanga aka same shi, riga ta sarƙe a ƙarfe, yana lilo. Othman kuwa sai da mutum biyu suka ɓanɓare shi, yana cewa, "A hankali, kar ku riƙe ta ta wuya."

Ana cewa rana dubu ta ɓarawo. Waɗannan ko la'asar ba su kai ba.

Yazan ya bar yatsu biyu a Mahjar, ya bar rawa har abada. Nawaf, kafin ya fito, yaran da yake kora daga gaban tukubarsa sun yi gemu. Othman an sassauta masa saboda wayar da ya buga, dattijo ma ya je ya roƙa masa, har da hawaye. Amma sassauci ba saki ba ne. In ya gama zamansa tarhil ke jiransa, za a sa shi a jirgi zuwa ƙasar kakanninsa, wadda bai taɓa gani ba sai a bakina. Motar ruwa an ba wani. Rahma ta koma wankau.

Rannan aka ba shi waya ya kira. Ni na ɗauka, Rahma na tsaye kusa da ni, hannu duk kumfa, tana gogewa a zane.

"Gwaggo, ina wuni. An mayar wa Ammi da ita?"

"An mayar."

"Zarton bai kama ta ba ko? Ban samu na duba sosai ba."

"Lafiyarta ƙalau. Ta fi ka."

Na ji ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Gwaggo, wallahi yau zan yi barci."

"Madalla. Ga Rahma."

Ta karɓa. Duk ta ji abin da ya ce, don wayata ba ta iya sirri. Ta saurare shi yana "ya habibti, ya habibti," har ya gaji don kansa. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa:

"Ranar ziyara, ka ce wa 'Yar Ɗa'ifa ta zo."

Ta miƙo mini wayar, ta koma kan wankinta.