Randar Bibiyana

Ranar da abin ya fara, tuwo na kan wuta a gidan Julius da ke Muchia. Rana ta faɗi, kaji sun shige akurki. Sai aka ji ƙas a kan kwanon rufi. Aka sake ji. Julius ya fito ya duƙa ya ɗauka. Ba dutse ba ne, tsingaron tukunya ne, kuma a jiƙe.

Bari in koma baya kaɗan. 'Yarsa Keziya tana karatun zanen gine-gine a jami'a a Samaru. Malaminsu ya ce kowa ya ɗauko wani abu daga gida, ya fitar da gini daga siffarsa. Wasu suka kai lema, wasu kwando. Ita ta ɗauki randar uwarta Bibiyana, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tana so ta zana ɗakin karatu mai sanyi ba fanka, yadda ruwa ke sanyi a randa. Don ta ga kaurin cikin, ta sa aka yanka randar biyu da inji. Yarinyar ba ta yi da mugunta ba. Amma ba a fasa tsohuwar randa ba a yi sallama ba, kuma mu manya ba mu gaya mata ba.

Kwana shida, kullum da magariba tsingaro na zuba. A lungun da randar take, ana jin ƙarar moɗa tana ɗiban ruwa, ba kowa a wurin. Keziya ta daina zuwa makaranta. Ta sha ruwa ta sha, ƙishi bai tafi ba. Daga baya ta koma lungun ta naɗe jiki, ta ƙi fitowa.

Julius ya je unguwar Jama'a ya ɗauko Baba Shekari, tsohon mai bishara da ya san irin waɗannan abubuwa. Baba ya zauna a kan turmi, ya yi addu'a a hankali, sannan ya ce, "Wane ne a jikin yarinyar nan?"

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a bushe. "Mai gida ce. An rushe mini ɗaki."

"Tun yaushe kike ciki?"

"Shekara ashirin da shida. Bibiyana ba ta taɓa rufe ni ruf ba. Takan bar murfin a karkace, ta ce sannunku. Sai hannunta ya daina zuwa. Ina ta jira. Ba wanda ya gaya mini."

Julius ya juya fuska ga bango.

"Ta rasu," in ji Baba. "Yanzu an gaya miki. Ki saki 'yarta."

"In tafi ina? Yarinyar ta gina ƙaramin ɗaki na yumɓu mai kamar randata. Yana kan tebur. A ba ni."

Wannan ɗakin shi ne aikin da Keziya za ta kai gaban malamai ranar Litinin. In babu shi, shekarar ta tafi. Baba ya dubi uban. Uban ya gyaɗa kai, sannan ya matso.

"Baiwar Allah, Bibiyana takan yi wata waƙa in tana ɗiban ruwa. Na manta yadda take. Ki yi mini sau ɗaya."



"Tana cikin randar," in ji muryar. "Da aka yanka, ta zube."

Keziya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, me ya sa kake kuka?"

Da safe ita da kanta ta kai ɗakin yumɓun gindin tsamiya a bayan unguwa, ta bar ƙofarsa a karkace. Ta maimaita shekara. Tsingaro bai sake faɗowa ba.

Julius ya sayo sabuwar randa a kasuwar Sabon Gari. Kullum da yamma yakan karkata murfin, ya tsaya, ya kasa kunne. Ruwa ne kawai a ciki.