Hoton Alkyabbar Aro

"Ka ga abin da alkyabbarka ta ja mana?!"

Mastura ce tsaye a ƙofar shagon ɗinkin mijinta Na'ibi a unguwar Bab Makka ta Jidda, ta riƙe ƙugu. A bayanta ga ƙaninta Garba yana ta sosa ƙeya. Yanzu ya sauko daga jirgin ruwan da yake wa aiki tsakanin Jidda da Bur Sudan.

Na'ibi ya tsayar da keken ɗinki. "Wace alkyabba? Ni ina da alkyabba ne?"

"Ta aro!"

To, ga yadda abin yake. 'Yarsu tilo, Rabi'atu, tana Bur Sudan wurin Inna, mahaifiyar Mastura, tana karatu a makarantar sistocin Katolika. Bana kasuwa ta yi sanyi, kuɗin makaranta ya gagara, har an fara zancen sallamar yarinya. Sistocin kuwa suna taimakon 'ya'yan marasa ƙarfi, ba ruwansu da Musulmi ko Kirista. Inna ta yafa mayafi ta tafi roƙo. Da babbar Sista ta tambayi uban yarinya, tsohuwar nan, Allah ya bar mana ita, sai ta zaro hoto tana washe baki.

Irin hoton nan ne da mutanenmu na Jidda suke aikawa gida bayan hajji. Mai hoto ya ara maka alkyabba mai bakin zinariya da agogo, ya jingina ka da motar kwali, ka sha mur.

Garba ya ce, "Yaya, Sista cewa ta yi mai wannan mota shi ya kamata ya taimaki makaranta."

"Kwali ce fa!"

"Ai Inna ba ta sani ba. Har direba ta samo maka, ɗan maƙwabta."

Mastura ta wawuri tsumman goge keke. "Halas, shi ke nan! Sa wannan, in shafa maka toka, a ɗauki sabo. Ka langaɓe kai kamar ka kwana uku ba ka ci ba..."

"Jiya na yi ƙaryar arziki, yau kuma in yi ta tsiya? Muna ci muna sha, Mastura. In aka ba mu da ƙarya, wata marainiya aka tsallake."

"To a kori Rabi'atu ke nan?"

"Kuma ni in miƙa hannu ga masu gicciye..."

"Oh! Da suke koya wa 'yarka karatu ba ka hango gicciyen ba, sai yau?"

Ya mayar da ido kan ɗinkinsa. Ita kuwa zancen marainiyar ya taɓa ta, ta saki tsumman.

"Maigida, tsakaninka da Allah, me ya kai ka aron alkyabba tun farko?"

Ya daɗe yana murza zare. "Ranar da na ɗauko ki, na ce wa Inna ba za ki wahala ba. Ban so ta ga shagon nan..."

Tausayinsa ya kama ta, har idonta ya ciko. "Haba abin alfaharina! Ni tela na aura. Mai motar kwalin nan ko kyauta aka ba ni ba na so."

Garba ya yi tari ya juya baya.

Sai idonta ya faɗa kan keken. "Marayun nan ba sa sa kayan makaranta ne? Wa ke ɗinka musu?"

Haka aka ɗora wa Garba keken ɗinki a ka har shagon mai hoto. Mai hoto ya miƙo alkyabba, Mastura ta harare shi sai da ya mayar. Aka ɗauki Na'ibi da rigarsa mai faci, almakashi a hannu. Garba ya tafi da hoton da saƙon baki: taimako muna nema, amma ga sana'armu.

Sista, in ji Garba, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta amince: Na'ibi ya ɗinka wa marayu, Rabi'atu ta ci gaba da karatu. Aka aiko da awon kowace yarinya, Na'ibi ya ture na 'yarsa gefe ko kallo bai yi ba.

"'Yata ce. Da ido rufe na san tsawonta."

Da jirgi ya sake dawowa, Garba ya zo da hoto. Marayu sun jeru tsaf cikin sababbin kaya. A gefe ga wata doguwar budurwa cikin tsohuwar riga, ta kara sabuwar a ƙirji tana dariya. Ko gwiwarta ba ta kai ba.

Mastura ta fashe da dariya, sai ta ga mijinta ya ƙura wa Rabi'atu ido a hoton. Ashe yarinyar da ya bari a bakin jirgi tana ɗaga masa hannu, ita ya ɗinka wa.

"Yaushe ta girma haka?" ya ce. "Ban gani ba, Mastura... ban gani ba."

Ta share hawayenta da gefen mayafi, ta ciro igiyar awo daga wuyansa ta damƙa masa.

"Yalla, tashi ka auna ni. Garba ya ce tsawonta ya kamo kafaɗata."